Kada Ka Sauke Ƙafar Don Kowa

Daga Gummi

Zuwa ga Magaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya kai ku Sakkwato lafiya, Ya tsare ku daga sharrin hanya da na ƙarfe, Ya sa hannun likita ya zama sanadin sauƙi, amin.

Na ba Lawali, mai raka ka jinya, wannan takarda na ce kada ya miƙa maka sai motarku ta bar gari. Kai ɗan fari ne. Tun da aka haife ka ban taɓa kiran sunanka na yanka ba, balle in zaunar da kai mu yi doguwar magana ido da ido. In na fara, kai za ka sunkuyar da kai kana "to Baba, to Baba," ni kuma in riƙa kallon bango, mu tashi ba wanda ya ƙaru. Shi ya sa na rubuta.

Likita ya ce tabon ƙunar da ke ƙwaurinka tun kana yaro, wanda ya buɗe bara ya ƙi rufewa, ya zama ciwon daji. Za su yanke wurin, su ɗebo fata daga cinyarka su rufe ramin. Irin aikin da aka yi mini ke nan, sai dai ni nawa tsohon gyambo ne ya rikiɗe. Ka san inda ƙafata ta hagu ta tsaya, kai ke miƙo mini sanda. Ka ga tafiyata asibiti ka ga dawowata, amma gona aka bar maka a lokacin, ba ka zauna bakin gadon ba. To bari in jera maka yadda aka yi, ko taka ƙafar ta dawo tare da kai.

Da aka fara yi mini bayani, na ce a raina ai faci ne, sana'ata ce, me za a koya wa tela? Ashe ba haka ba ne. Faci zare ke riƙe shi, kana gama ɗinki mai riga ya sa abinsa ya tafi kasuwa. Ita wannan fata ɗinkin da za su yi mata a gefe don kada ta zame ne kawai. An raba ta da jininta an ɗora ta a kan wani nama, sai naman ya miƙo mata 'yan hanyoyin jini, sirara fiye da zaren da nake zura wa allura, sannan ta rayu. Ta fi kama da dashen albasa a fadama. Kafin saiwa ta kama, in ka girgiza shi ka kashe shi. Likitana Ba'indiye ne, akwai wani malamin asibiti da ke fassara mini maganarsa. Ya ce abu uku ke kashe dashen: motsi, da jini ko ruwa ya taru a ƙarƙashinsa, da ƙazantar da ke kawo mugunya. Ya ƙara da cewa ƙwauri ya fi fuska wuyar sha'ani, don naman da ke kan ƙashin kaɗan ne, kuma in ƙafa na rataye jini taruwa yake yi ta kumbura. Na ce na ji. Na kuma yi duka ukun, har na ƙara da nawa.

Da taba na fara. An ce in bar ta tun kafin aiki, don tana matse hanyoyin jini, fatar kuwa jinin take jira. Na ce to. Amma har ranar da za a shiga da ni ina laɓewa gindin dogonyaro bayan ɗakin majinyata ina zuƙa, wai don in sami natsuwa. Kai ma kana sha. Kada ka ɗago ka harari Lawali, ba shi ya faɗa mini ba. Ni ke ɗinka maka riguna, ni kuma ake kawo wa su in wuta ta huda aljihu. Ban taɓa yi maka maganar ba, yau ma ba faɗa nake yi ba. In akwai kwali a jakarka, ka ba yaron mota. In ka warke ka ga za ka koma mata, wannan tsakaninka da ƙirjinka ne, ko da yake ni da na bari ban ga abin da na rasa ba.

Aka yi aiki lafiya. Na farka na tarar an naɗe ƙafar tun daga yatsu har gwiwa, an ɗora ta a kan matasai, an kuma ɗaga ƙarshen gadon da bulo. Aka ce kada ta sauka, ko gobara aka yi a jira a zo a ɗauke ni, har ranar da likita zai buɗe da hannunsa. Na kiyaye da farko. Sai ga kakanka Malam Isa, mahaifin Innarka, Allah Ya jiƙansa. Tsoho ya hau motar kaya tun daga Bukkuyum don ya duba ni. Na hango shi a bakin ƙofa yana neman gadona, ga ni shimfiɗe, tafin ƙafata a sama yana kallon fuskar surukina.

Tun daga nesa ya ɗaga hannu ya ce, "A'a, kwanta abinka, kak ka tashi."

Haka kowane babba ke cewa. Ba wanda ya taɓa koya mini cewa akwai ranar da ake nufin haka da gaske. Na janyo ƙafar, na sauka, na durƙusa a kan siminti. Ka kuma san gaisuwar mutanen Bukkuyum ba ta da gajeriya. Muka gaisa a kan gajiya, da hanya, da gida, da iyali, da damina, da dabbobi, ya gaya mini duk waɗanda suka ce a gaishe ni, ɗaya bayan ɗaya, ina amsawa.

Ya ce, "Ƙaƙa ƙahwat? Ana samun sauƙi?"

Na ce, "Da sauƙi ƙwarai, Baba."

A daidai lokacin ina jin wani ɗumi yana bin cikin bandejin. Da zai tafi kuma na raka shi har ƙofa da ɗingishi, don ba a barin suruki ya fita shi kaɗai. Ya tafi yana sa mini albarka, ya isa gida ya ce ya same ni har ina tafiya. Har ya bar duniya bai san abin da zuwansa ya yi ba, ban kuma ga dalilin da zai sani ba. Shi ya yi abin da ya kamace shi, ni ma a ganina na yi.

Wani Bafillace da ke gadon kusa da nawa, wanda saniya ta karya wa ƙugu, ya bi ni da kallo har na hau gado. Ya ce, "Tela, ka ɓata aikin ga. Kira malaman asibiti ka hwaɗa musu."

Ban kira ba. Jini ya ɓullo a bandejin kamar faɗin tafin hannu, na ja bargo na rufe. Tsoron faɗa nake ji, ni da gemuna. Da ƙaiƙayi ya dame ni na riƙa zura yatsa ta gefe ina sosawa, da wari ya fara tashi na ce ai na maƙwabci ne. Ranar buɗewa likita ya ɗaga audugar, fatar ta biyo ta, ta yi baƙi ta yi laushi, ba abin da ya kama. Bai yi faɗa ba. Ya tambaya ko na sauka. Na ce surukina ne ya zo. Malamin da ke fassara ya dubi ƙasa, don shi ɗan ƙasa ne, ya gane. Likitan bai gane ba, ya sake tambaya ko surukin ne ya ja ni ƙasa. Daga baya malamin ya gaya mini da na yi magana a ranar, da an buɗe an fitar da jinin an mayar da fatar mazauninta, wataƙila a tsira da rabi.

Saboda haka in ka ga jini ko ruwa ya jiƙa bandeji, in ka ji wari, in zafi ya ƙaru maimakon ya ragu, in zazzaɓi ya rufe ka, ka kira su nan take. In an yi maka tsawa ka shanye, tsawa ba ta cin nama. Kada yatsanka ya shiga ƙarƙashin bandejin nan, kada kuma ka ɗaga wa kowa don ya gani. Masu dubiya suna son ganin ciwo, sai ka ce da kallo ake warkewa.

Na daɗe a kwance ana wanke ramin kullum, har ya daina mugunya ya yi ja sosai, don ba su ɗora fata a kan wuri mai datti. A nan ma na jawo wa kaina tsawon zama. Innarka ta aiko a gaya mini kada in ci gyaɗa, kada in ci ƙwai, kada in sha nono, kada in taɓa kifi, wai su ke kawo mugunya. Na zauna daga koko sai koko, har na rame aka ce jinina ya yi ƙasa, ba za a sake aikin ba sai ya hau. Jikin da ba a ba shi ba, da me zai ciyar da baƙuwar fata? Ka ci abin da ka samu. Wake, ƙwai, hanta, nono, zogale, duk ka ci. In sun ce za su auna jininka da fitsarinka ka bari, suna duba ciwon suga ne da ƙarancin jini, su ma suna hana dashe kamawa.

Suka ɗebo fata daga ɗaya cinyar aka sake. Bari in gaya maka tun yanzu, cinyar za ta fi ƙwaurin damunka da zafi, raɗaɗi take yi kamar ƙuna. Za ka ɗauka wani abu ya lalace. Ba abin da ya lalace, haka take. Abin da suka manna a kai kada ka ɓamɓare, in ta warke shi zai saki da kansa.

Wannan karon na kwanta kamar gungume. Salla ma a kwance na yi ta, da taimama da nuni. Na tambayi wani malami da ya zo duba ɗan'uwansa, ya ce Allah bai ɗora wa majinyaci abin da zai cuce shi ba. Kai ma ka yi haka, kada ka ce za ka sauka alwala, kada ka ce za ka tanƙwashe don zaman tahiya. Abin da ya fi wuya shi ne fo. Namiji da ƙarfinsa a tura masa tasa ƙarƙashi, mutane na gefe, ba daɗi. Na runtse ido na yi. Da aka buɗe fatar ta kama, ta yi ja-ja tana sheƙi, sai wani ɗan gefe da aka ce zai cike da kansa. Aka sallame ni da sharaɗi: in riƙa ɗaure ƙafar in zan taka, in ɗaga ta in na zauna, in kuma dawo a duba ni.

Na iso gida, Innarka ta kwance ta duba, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Wanga abu ai bai gasu ba. Ciwon da ba a gasa ba ƙaƙa za shi warke?"

Ta ɗora ruwa a wuta, ta kawo tsumma. Mu nan komai gashi ne, mai jego gashi, targaɗe gashi, maruru gashi. Na miƙa mata ƙafar da kaina. Abin da ba mu sani ba, sabuwar fatar nan ba ta jin zafi ba ta jin sanyi, ga ta siririya. Tana dannawa tana tambayata, "Da zahi?" ina cewa babu, tana ƙara ruwan. Kashegari wurin ya tashi ya yi ruwa, ya fashe. Ba laifinta ba ne, abin da ta gada ta yi. Ruwa mai ɗan ɗumi wanda ka taɓa da hannu ya ishe ka, ka dangwala kada ka goga. In ta warke sarai ka riƙa shafa mata man kaɗe, don ba ta yin maiƙo da kanta, bushewa take ta tsage. Ka kiyaye ta da rana da karo da itace. Na yi wa Innarka wannan magana shekaranjiya, ta ce, "Ni dai ba ni ƙara taɓa ƙahwak kowa." Ta faɗa, amma in ka ga ta ɗora tukunya ka sa ido.

Shekarar ce gwamnati ta buɗe makarantun firamare ko'ina, kowane uba na neman rigar makaranta. Yadi ya taru a shagona har bisa benci. Na ce ai taka keke ba tafiya ba ce, zaune nake. Na hau na taka daga safe har la'asar, ƙafa a rataye, ƙwauri na motsi. Wurin da gashi ya buɗe bai sake rufewa ba. Can sai bakin ciwon ya yi tauri ya ɗago, kaluluwa ta fito mini a matsematsi. An gaya mini in na ga haka in komo da gaggawa. Ranar da aka sa mini ta dubawa ma ta wuce ban je ba. Kunyar likitan nake ji, in koma masa karo na uku da ɓarna. Na bi masu magani, wannan ya ba ni na shafawa, wancan na turare. Sa'ad da na koma, abin ya shiga ƙashi, ba sauran maganar fata. Ranar dubawa ko ka ji garau ka je. In ka ji ƙullutu a matsematsi ko bakin tabon ya canja, kada ka jira ranar.

Ba zan ce maka durƙuson nan ne ya yanke mini ƙafa ba. Likita ma bai ce haka ba, daji kan dawo ko ga wanda ya kiyaye komai. Amma na sha zama in bi abin daki-daki, kullum kuma a kan simintin nan nake tsayawa. Da dashen farko ya kama, da na dawo da wuri da jinina, da ban ji kunyar komawa ba. Allah ne masani. Yanzu keken hannu nake juyawa, yana ciyar da mu, ba ƙorafi nake yi ba.

Ga abin da na shirya. Innarka ta so kawunka ya bi ka jinya, na hana, har ta yi fushi. A gaban kawunka ba za ka iya neman fo ba, lallaɓawa za ka yi ka sauka ka tafi bayi. Shi ya sa na zaɓi Lawali. Taubashinka ne, tun kuna yara yake kiranka bawansa. Zai miƙa maka tasar yana yi maka dariya, kai kana zaginsa, ƙafa na kan matashi. Na kuma gaya masa ya zauna bakin ƙofa lokacin dubiya, duk mai furfurar da ya nufo gadonka ya riga shi isa ya danne maka gwiwa.

Ranar kasuwa na je Anka wurin surukinka. Na roƙe shi kada ya je duba ka. Ya ɓata rai ya ce, "In ji mijin ɗiyata na kwance asibiti in zamna gida? Mutane mi za su ce?"

Na janyo ƙafar wandona da nake naɗewa, na kwance ta, ta faɗi ba komai a ciki. Na ce, "Alhaji, wagga gaisuwas suruki ta." Na ƙara gishiri, na sani. Ya daɗe yana kallon wandon. Daga nan ya ce, "To, a gaishe shi. In an kwance a aiko." Ya ce zai aika da kaji, ka ci su.

Duk da haka wani babba zai ɓullo, ba a rasawa. Ka gaishe shi da baki, ka ɗaga masa hannu biyu, ka ce Baba ya hana ni sauka. Ka ɗora laifin a kaina. In ya ji haushi ya zo Gummi, ina shago.

Saura ni. Jiya na shigo zaure kana zaune ka miƙe ƙafar a kan buhu. Kana ganina ka janye ta ka tanƙwashe, har ka ciji leɓe don zafi. Ni na koya maka, wani lokaci har da tsumagiya, kuma ka koya da kyau. In na shigo ɗakin asibitin nan, ko na ɗaga hannu tun daga ƙofa, ko na ce kwanta abinka, ko na rantse, za ka sauko. Lawali ba zai iya danne ka a gabana ba, shi ma durƙusawa zai yi.

Saboda haka ba zan zo ba. Mutanen gari za su ce Umaru Tela ɗansa na fari na kwance a Sakkwato bai leƙa ba. Su faɗa. Ina son ganinka, zaman nan zai yi mini tsawo, kuma na san duk motar da ta tsaya a tasha sai na ɗaga kai. Amma na gwammace ka ji haushina a kwance. In likita ya buɗe ya ce ta kama, Lawali ya ba direba saƙo.

Allah Ya ba ka haƙurin kwanciya, Ya sa fatar ta kama, Ya raba ka da wannan ciwo rabuwa ta har abada. Allah Ya tsare ku a can, Ya maido ku gida lafiya. Innarka na gaishe ka, matarka da yara suna hannunmu.

Na yanka maka sabon wando, yana nan a kan keke. Ƙafa biyu na yi masa, cikakku har idon sawu. Ka zo ka sa shi, ka shigo zaure da ƙafarka, in likita ya yarda ka durƙusa ka gaishe ni yadda ka saba. Ran nan ba zan ce maka kada ka yi ba.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru Tela